Kekenmu, jarinmu: a duba sarƙa tun da wuri

Da yawa cikinmu da rancen asusu muka sayi keke. Shi ke kai yara lakkol, shi ke kai albasa kasuwar Madawa. Ran da ya tsaya, ciniki ya tsaya, ga zubi na jira.

Rairayi da ƙurar hunturu, in sun haɗu da mai, su ke cin sarƙa har ta saki. Sarƙar da ta saki kuma ita ke cinye haƙoran baya.

Ga awo mai sauƙi. Mu ari ma'aunin tela, mu miƙe sarƙar, mu auna daga ƙusa ta 1 zuwa ta 21. Sabuwa santimita 25,4 ce. In ta kai 25,5 ko 25,6, a canza sarƙa kawai. In ta wuce 25,7, galibi haƙoran ma sun tafi. Mu dube su: in sun yi tsini kamar ƙaya, a canza duka biyu, don sabuwar sarƙa kan tsoffin haƙora tsalle take yi. Kan hawan duwatsun Buza da Keita, da kaya a baya, wannan tsallen faɗuwa ce.

In mai gyara ya ce a rage sarƙar kawai, mu sani fa ba ta warke ba.

Kowane mako a goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan. A zama mai zuwa, mu tsai da ɗan abin da za mu riƙa ajewa na gyara. Kuɗin sarƙa ɗaya ya fi rancen biyu sauƙin biya.