YARINYA DA GOYO: INA ZA TA?

Ya ku 'yan'uwa na rassanmu, duk wanda ya ci kasuwar Matameye ya gan su: 'yan mata masu shekara 16 ko 17, goyo a baya, faranti a ka, suna tallar ƙosai da gyaɗa. Waɗansu an yi musu ciki ne ba aure, mai cikin ya yi layar zana. Da yawa kuwa da aurensu suka haihu, sa'an nan aka miƙo musu takardar saki tun yaro bai fara rarrafe ba. Binciken shekarar 2012 ya nuna cikin 'yan mata 100 na Nijar, 76 ana aurar da su kafin su cika shekara 18.

To, ina za ta? Gidan uba babu hatsi, lakwal ta bari, wanda ya ɗora mata nauyin yana tasha yana shan shayi, ba mai nuna shi da yatsa. Ita kaɗai ake zunɗe.

Mun san inda yunwa ke tura mace mai goyo. Matameye ita ce babban garin gundumar Kance, kuma daga ƙasar Kance mata suka riƙa ɗibar 'ya'yansu suna tafiya bara Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da yara, da yawa mutanen Kance.

Ga abin da muke so ku sani. A 2017 an kafa dokar kare karatun 'ya mace, a 2019 kuma aka soke korar ɗaliba saboda ciki ko aure. Watau in ta haihu tana da ikon komawa aji. Amma dokar da Faransanci take, a takarda take, tsohuwar da ke riƙon jika kuwa ba ta taɓa jin labarinta ba.

Saboda haka kowane reshe ya fassara ta da Hausa a bakin kasuwa. Mata 'yan jam'iyya su ƙirga masu goyon da ke unguwarsu, gida gida, ba da gori ba. Wadda ta ce za ta koma, dattawa biyu su raka ta wurin darakta, a kuma daidaita wanda zai riƙe mata yaro har a tashi. Wanda ya saki mace da ɗansa, a kai shi gaban alƙali ya biya kuɗin ciyarwa, ko da ɗan reshenmu ne.