Kada Kuɗin Fareti Ya Zama Sabon Haraji

Jama'a, in ranar wasannin makaranta ta zo, ko ranar yara ta 27 ga Mayu, kowa yana so ya ga ɗansa a fili, badujala tana tashi, 'yan mata suna waƙa suna zuga masu tsere. Amma fa riga da takalmi da ganga da rumfa ba daga sama suke faɗowa ba. In ba a yi shiri ba, a kan talaka abin yake ƙarewa: a koro yaro gida ya kawo kuɗi kaza, wanda ubansa ba shi da hali a fitar da shi daga layi yana kuka.

Mu ba mu yarda da wannan ba. Dokar ilmi ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne. Haraji da jangali kuwa tun 1979 aka soke su, sa'ad da ƙasar Gumel take cikin Jihar Kano. Don me za a dawo mana da su ta ƙofar makaranta?

To, ina za a samo kuɗin? Wurin 'yan kasuwa, ba shakka, gama yaran nasu ne. Sai dai roƙo ma da iyawa. Mutumin da aka rufe wa iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, ba a zuwa masa da takarda mai hatimi kamar mai karɓar kuɗin rumfa. Kwamitin iyaye da malamai su tafi da ƙafarsu wurin sarkin kasuwa da sarkin pawa da shugabannin dillalai da direbobi. Su kuma san lokaci. Mai riɗi a Gagarawa ko Sule Tankarkar, da kaka ake samunsa, ba da bazara ba. Dillalin kara a Maigatari kuwa, a tare shi wata Alhamis gab da Babbar Salla, raguna na fita.

Kuma ku 'yan'uwa 'yan kasuwa, ku ba da kaya ya fi ku ba da kuɗi. Mai yadi ya yanko yadi, tela ya rage ladan ɗinki, mai mota ya kai yara Gumel ya dawo da su. Kuɗi yana da ƙafa, bandir ɗin yadi kuwa ba ya shiga aljihu. Ranar taro a karanta sunan kowa da abin da ya bayar, na mai ƙosai tare da na Alhaji, a faɗi abin da aka kashe da abin da ya saura.

Rigunan nan kuma a wanke su a ajiye a makaranta. In baɗi aka sake zuwa muku neman kuɗin riga, ku tambayi ina na bara.