Darasin Kipchoge ga masu tsara kasafin wasanni

Eliud Kipchoge na Kenya yana ɗan shekara 18 ya lashe gasar duniya ta tseren mita 5,000 a Faris a 2003. Da ya rasa gurbin zuwa Olamfik ta 2012, sai ya koma gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42. A nan ya ci zinare a Rio a 2016, ya maimaita a Tokiyo, sannan ya kafa tarihin duniya a Berlin a 2022 da awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9.

Wannan nasara ta ginu ne kan horo mai ɗorewa. Fiye da shekara 20 ya yi a hannun koci guda, Patrick Sang, kuma yana atisaye a sansanin Kaptagat da ke kan tudu, inda ƙarancin iska ke ƙara wa jikin ɗan tsere juriya.

Nijeriya, wadda ta dawo daga Olamfik ta 2024 hannu rabbana, tana da tuddan Jos da Mambila, amma kuɗin horo kan fito ne idan gasa ta ƙarato, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Wajibi ne Hukumar Wasanni ta Ƙasa ta ware kasafi na shekaru domin sansani na dindindin a can, haɗe da albashin masu horarwa. In ba haka ba, 'yan Kenya da Habasha za su ci gaba da kwashe kyaututtukan tseren Legas.