Daura Zuwa Legas: Awa Nawa Ne?

Sau da yawa mukan ji ɗalibai suna cewa Legas ta zama kusa, tunda jirgin sama yakan tashi daga Kano ya sauka can cikin awa ɗaya da rabi. Gaskiya ne. Tsakanin biranen biyu ta sama kimanin kilomita 830 ne, kuma jiragen sama sun fara sauka Kano tun 1925.

Amma mu mutanen Daura, bari mu yi namu lissafin. Daga nan zuwa Kano ta Kazaure bai kai kilomita 150 ba, duk da haka motar haya takan ci awa biyu ko fiye, ban da zaman tasha kafin ta cika. Sa'an nan sai jira a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ashe gajeriyar tafiyar ƙasa ta fi doguwar tafiyar sama cin lokaci.

A ganinmu, nan ne ya kamata hukuma ta sa ƙarfinta. Mara lafiya da ake kaiwa babban asibiti, da manomi mai buhunan gero, hanya suke bukata, ba tikitin jirgi ba. Shi ya sa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021 kuma zai ratsa Daura, ya fi mana amfani.

Ɗalibai, ku riƙe darasin lissafi da na labarin ƙasa da kyau. Wanda ya iya auna nisa da lokaci, shi zai san abin da garinsa ya rasa.