Iska mai tsafta a Landan, amma wa ke biyan kuɗinta?

Tun ranar 29 ga Agusta 2023, da aka faɗaɗa dokar tsaftar iska zuwa birnin Landan baki ɗaya, duk wanda ya tuƙa tsohuwar mota a cikinsa sai ya biya fam 12.50 a rana. Tsohuwa a nan tana nufin mai fetur da aka ƙera kafin wajajen 2006, ko mai dizal ta kafin ƙarshen 2015. Magajin garin, Sadiq Khan, ba da ka ya yi wannan doka ba: a 2020 kotun binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar da cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya yi ajalin wata yarinya mai ciwon asma, 'yar shekara tara, wadda gidansu ke dab da babban titi a Lewisham. Manufar ba abin ja ba ce. Rabon nauyin ne ya zo a karkace.

Kuɗin ɗaya ne ga kowa, amma aljihu ba ɗaya ba ne. Mai hali ya daɗe da sauya mota, ko a jikinsa. Wanda abin ya faɗa wa shi ne mai gyaran famfo da motar kayan aikinsa, da mai kula da tsofaffi da ke bin gida gida a unguwannin bayan gari, inda jirgin ƙarƙashin ƙasa bai wadata ba. Ranar kuma daga sha biyun dare ake ƙirga ta, don haka ma'aikaciyar jinyar da ta tafi aikin dare ta dawo da asuba ta biya sau biyu ke nan, fam 25. Da yawansu ma gwamnati ce ta kwaɗaita musu dizal, da ta sassauta harajinsa a 2001.

Za a ce fiye da kashi 40 cikin ɗari na gidajen Landan ba su da mota, kuma talakawa ne suka fi shaƙar hayaƙin tunda su ke zaune a bakin manyan tituna. Gaskiya ne, shi ya sa soke dokar zai zama zalunci na biyu. Sai dai amfanin da ya bazu kan miliyoyi ba ya halatta a ɗora kuɗinsa kan 'yan tsirarun da ba su da mafita. Za a kuma ce an ba da fam 2,000 ga wanda ya miƙa motarsa a farfasa. To, kwana takwas kacal kafin faɗaɗa dokar aka buɗe wa kowa wannan tallafi, kuma wanda ke kwana a wajen Landan yana shigowa aiki bai samu ko sisi ba. Kamata ya yi tallafin da ƙarin motocin bas su riga kyamarorin sa ido kan motocin isowa da shekara guda.

Farashin wannan gaggawa ya bayyana a akwatin zaɓe. Jam'iyyar Leba ta su Khan ta gaza cin kujerar Uxbridge da ke bayan garin Landan da tazarar ƙuri'a 495 a Yulin 2023, ana tsakiyar wannan rigima, kuma a Mayun 2025 majalisar wakilan Faransa ma ta kaɗa ƙuri'ar soke irin waɗannan dokoki na taƙaita tsofaffin motoci a biranen ƙasar baki ɗaya.