Dodo ba a cikin duhu yake ba, a bakin manya yake

A ƙasar Arewa, daga Matankari har Tibiri, in yaro ya ƙi barci maganar uwa ɗaya ce: ga Dodo can bayan rumbu. Yaro ya yi tsit, uwa ta huta. Amma hutun na dare ɗaya ne. Wannan yaro shi ne gobe za a aika bayan isha'i ya noƙe, a kira shi matsoraci, a ɗauko bulala. Wanda ya shuka tsoron shi ne kuma mai dukan.

Ba dukan tsoron dare ne banza ba. Kububuwa da kunama da dare suke yawo, kuma manomin Dallol Mawri da ba ya fita sai da takalmi da tocila mai hankali ne. Yara kuwa da yawansu suna jin tsoron duhu tsakanin shekara 3 da 6, sa'an nan ya wuce da kansa. Cuta tana farawa in ya ƙi wucewa: gaba na faɗuwa, jiɓi na karyowa, yaro ya gwammace ya jiƙa tabarma da ya fita waje, da safe ya yi ta gyangyaɗi a lakkol. Manya ma akwai masu fama da shi, kunya ce ke rufe musu baki.

Likitoci ba su yarda a kulle yaro cikin ɗaki mai duhu don ya saba ba, wannan ƙara wa wuta itace ne. Sabo sannu a hankali ake yin sa. A bar masa ƴar fitila, a zauna kusa da shi, a riƙa rage haske dare bayan dare, a yabe shi in ya daure. Wanda abin ya gagara, a kai shi gidan likita.

Akwai kuma yaron da ba tsoro ke damunsa ba, gani ne ba ya yi. Da magariba ta yi sai ya kama lalube, yana tuntuɓe da turmi. Wannan dundumi ne, rashin bitamin A ke kawo shi, kuma in an yi sakaci yana kai ga makanta. Hanta da ƙwai da ganyen zogale da mangwaro suna tare shi. Ma'aikatan lafiya suna ɗiga wa yara ƴan wata 6 zuwa 59 wannan bitamin sau biyu a shekara. Ya kamata hakimai da malaman yaƙi da jahilci na Dogondutsi da Tibiri su gaya wa iyaye, yaron da ke manne wa zanen uwarsa da almuru, a fara duba idonsa.