Waƙar ban kwana ta ƴan lakwal a Japon

A ƙasar Japon shekarar lakwal tana ƙarewa a watan Maris. Ranar sallama, yara suna rera waƙar ban kwana, iyaye suna share hawaye. Kar ka yi masu dariya.

Akwai wata tsohuwar waƙa, Hotaru no Hikari, da ta shiga littafin waƙoƙin lakwal a 1881. Tana zancen ɗalibin da ya yi karatu da hasken ƙwaro mai walƙiya da dare. Kai da kake haɗa baƙaƙe gaban fitila bayan aikin gona, ai ka san wannan wahala.

Amma ni, wadda ta fi kama mini rai ita ce Tabidachi no Hi ni. A 1991 aka yi ta, a garin Chichibu. Shugaban wata makaranta ya rubuta kalmomin, malamar waƙa ta sa masu murya. Malamai ne suka fara rera ta, kyauta ga yaran da za su tafi. Yau lakwal da yawa a Japon ita suke rerawa. Yaran farko da suka ji ta, yanzu sun kai shekara 50.